Zabi Biyu da Takardar Rijiya

Dogon Marke, ta Ɓaure
Lahadi, 23 ga Disamba, 2012

Zuwa ga Malam Ma'aruf,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri, da fatan takardar nan ta same ka lafiya. Ina gajiya, ya zaman Legas, ya dakon albasa, ya kuma bayan nan da ka ce yana maka ciwo? Don Allah ka daina ɗaukar buhu biyu. Mu nan lafiya lau, Fadila tana ta gudu. Sunanka da ka gani a sama ba ni na faɗa ba, Malama Haulatu ce ta rubuta abinta. Baki nawa, hannu nata. Ka san tana takaba ba ta fita, ni ce nake bi ta ɓarin katanga in same ta. Na ce ta rubuta yadda na faɗa, kar ta gyara mini ko ɗaya.

Za ka ce me ya hana in faɗa a waya. Wayar tana gidan Inna, in ka kira kowa yana zaune. Ni kuma in na ji muryarka bakina mutuwa yake, daga lafiya lau ba na iya ƙarawa.

Maigida, Inna ta sa ranar yayen Fadila. Juma'a ta biyu bayan Gani, wai a kai mata ita gidanta kamar yadda aka saba. Tun da ta faɗa tuwo bai ƙara yi mini daɗi ba. Ka san dalili. Haka aka kai mata yaron nan na fari, da ƙafarsa yana tsalle, kwana goma sha tara gudawa da amai suka ɗauke shi. Kowa ya ce ciki ya sha, don ina da cikin Fadila ban sani ba na yi ta ba shi nono. Har yau in na shiga gidan suna sai in ga wata ta gyara goyonta. Kai ba ka taɓa faɗa mini ba, Allah ya saka maka, amma ka yi shiru, kuma shirun ma na ji shi.

Ni akwai abin da yake cina. A waccan kakar ba shi kaɗai ya tafi ba, su huɗu ne, duk a tsohuwar unguwa, duk masu shan rijiyar Baba. Ɗan Shatu ma ya tafi, ita kuwa ba ta da ciki. Daminar da ta wuce biyu suka ƙara bi. Mu nan gefen makaranta da muke shan burtsatse ko ɗaya. Na san wanda ya haƙa rijiyar nan. Mahaifinka ne, Allah ya jiƙansa, da hannunsa ya haƙa ta sadaka, Inna kuma shekara talatin ba ta sa wani ruwa a bakinta ba. Shi ya sa ban taɓa buɗe baki ba.

Ka tuna mutanen nan masu farar mota da suka zo bayan rasuwar yaran suka ɗebi ruwan a kwalabe? Sun sake zuwa da damina kana gida. Sun ɗiba sun tafi, shi ke nan. Mai unguwa ya ce da da wani abu da an faɗa.

To shekaranjiya ina suyar ƙuli ina jin rediyo, sai wani yake bayani. Wai an yi doka, takardar da gwamnati ta ajiye a kan abin da ya shafi jama'a, mutum yana iya zuwa ya ce a ba shi ya gani. Wai ko wanda bai yi boko ba, da baki zai faɗa su rubuta masa. Wai ba sai ka faɗi dalili ba ma. Na saki baki har ƙulin ya ƙone. Ya zo kan maganar kuɗin da ake biya ke nan sai 'yarka ta jawo rediyon, batir ya watse. Kafin in harhaɗa an shiga gaishe-gaishe.

Malama ta ce dokar gaskiya ce, kuma marigayi mijinta ya taɓa nuna mata ofishin masu ɗibar ruwan a Daura, ta kwatanta mini. Kuɗin ne ba ta sani ba, ta dai ce ba zai yi yawa ba. Nagoggo mai daddawa kuwa ta ce kar in ruɗi kaina, takardar gwamnati kuɗin bijimi ce. Ni dai ina da akuyata, ina da zabina, ina da kwanukan jerena. Ko nawa suka ce zan sayar.

Abin da nake roƙo, ka ba ni izini in bi Nagoggo Daura in nemo takardar ruwan nan kafin ranar. Wallahi ina tsoro. Ban taɓa shiga ofis ba, ban san ta inda ake sallama ba. Amma tsoron Juma'ar nan ya fi. In takardar ta ce ruwan lafiya lau ne, zan kai Fadila da hannuna, in yarda nonona ne, in yi shiru har in mutu.

Ka ba Audi direba amsa in zai dawo. Ka gai da 'yan garinmu da kuke ɗaki ɗaya. Allah ya tsare mana kai.

Matarka,
Barakatu


Dogon Marke
Litinin, 14 ga Janairu, 2013

Zuwa ga Maigida,

Assalamu alaikum, bayan gaisuwa da tambayar lafiya. Ya aiki, ya bayan? Audi ya kawo sabulun, ya kuma kawo maganarka, wai ta je, ta dawo kafin magariba. Na gode, Allah ya bar mu tare. Ban gaya wa Inna abin da zan yo ba. Na ce ka ba ni izinin zuwa Daura, ta ɗauka awon Fadila ne, ni kuma ban gyara mata ba. Allah ya yafe mini.

Na je ranar Talata. Bari in ba ka labari tun daga farko, don na yi wauta, kuma gara ka ji daga bakina kafin Nagoggo ta ƙara mata gishiri.

Da sassafe ta zo ta gan ni da goyo da hijabi, ta ce ke 'yar nan haka za ki je gaban manya hannu rabbana, kamar mai zuwa ɗibar wuta? Na ga gaskiyarta. Ko wajen dagaci wa yake zuwa ba gaisuwa, balle gwamnati? Muka kama zabi biyu masu ƙiba muka ɗaure ƙafafu, na cika langa da ƙuli. A mota zabin nan suka yi ta ihu har Zango. Wani mai hula ya ce a biya musu kuɗin kujera, Nagoggo ta ce ai sun fi shi ladabi, su ba su taka ƙafar kowa ba.

A bakin ofishin akwai bishiyar dalbejiya, da wani mutum a zaune da jaka da biro a kunne. Ya taso da fara'a, Hajiya me ake nema? Ni da ko Katsina ban taɓa zuwa ba wai Hajiya. Na faɗa masa. Ya ce abu mai sauƙi, kuɗin buɗe fayil dubu goma, kuɗin nemo shi dubu biyar, zabin kuma a bar masa zai kai wa oga. Na fara tunanin akuya da kwanuka. Sai Nagoggo ta ce masa ina ɗakinka yake? Ya ce ai nan yake aiki. Ta ce ita ma shekara talatin tana sayar da daddawa a gindin bishiya, ba wanda ya taɓa ce mata gwamnati. Ta ja hannuna muka wuce.

Maigadi ya nuna mana wani ɗaki. Mace ce a ciki, Maigida, da tabarau, ba ta girmi yayarka ba. Hajiya Lubna ake ce mata. Na durƙusa, ta ce in hau kujera. Na hau baki-baki. Ta ce me ke tafe da ni, bakina ya mutu murus. Fadila ta miƙa hannu ta jawo mata takardu, na ce shi ke nan an ɗaure mu. Sai Hajiya ta yi dariya ta ba ta biskit. Daga nan maganar ta fito. Na ce takardar ruwan rijiyar garinmu nake so, wanda aka ɗiba a kwalabe sau biyu. Ta tambayi sunan gari, da unguwa, da shekarun. Na fara ba ta labarin yaron nan, ta ce in ina so in faɗa za ta saurara, amma ba dole ba ne, ba sai da dalili ba. Ta rubuta, ta karanta mini da Hausa, ta ce haka ne? Na ce haka ne. Na dangwala yatsa. Ta buga hatimi ta ba ni ɗaya ta riƙe ɗaya.

Sai Nagoggo ta zungure ni. Na sauko na tura zabin da langar gabanta, na ce ga 'yar gaisuwa ba yawa. Nan take fuskarta ta sauya. Ta ce in ɗauke, ba za ta taɓa ba. Nagoggo ta ce haba Hajiya ko ɗaya ne a kai wa yara. Hajiya ta miƙe tsaye ta ce ko gashinsu ba ta so, babu abin da zan ba ta. Ta ci gaba da magana, ina ganin bakinta yana motsi, amma kunnena ya toshe. Ka san yadda abin yake a wajenmu. In babba ya mayar maka da gaisuwarka, maganarka ta mutu ke nan. Ka tuna da aka dawo wa Kawu da ragonsa a rigimar iyakar gona, ko zama ba a ƙara yi ba. Muna fita Nagoggo ta ce to 'yar nan, an kore mu cikin mutunci.

Haka muka dawo da zabi. Su ma a dawowa ko uffan ba su ce ba. Na yi kuka a cikin hijabi tun daga Daura har Ɓaure. Ina isa na goge yatsana da toka har ya yi ja, kar Inna ta ga tawadar. Takardar kuma na cusa ta ƙarƙashin kwalla, don na ɗauka ko ta kora ce, ko sammaci ne za a biyo ni da shi. Kwana biyar ina ɓuya wa Malama, in ta kira ta katanga in ce ina da aiki a wuta.

Jiya ta ce in ban zo ba za ta karya takabarta ta tsallako. Na je na faɗa mata komai, na miƙa mata takardar. Ta karanta, sai ta fashe da dariya har ta manta tana takaba, ta koma tana istigfari. Wai takardar cewa ta yi an karɓi buƙatata, in dawo ranar Talata, kwana bakwai cif, kuma abin da zan biya kuɗin kwafin takardun ne kawai, a ba ni rasit. Abin da Hajiyar take faɗa ke nan lokacin da kunnena ya toshe.

Na ce to me ya sa ta ƙi zabina? Malama ta ce da ta karɓa ai ta ci hanci, aikinta ma yana iya tafiya. Ta ce gaisuwa ana kai wa wanda zai yi maka alfarma, wannan kuwa ba alfarma ba ce, haƙƙinki ne kika je karɓa. Maigida, na daɗe ina juya maganar nan. Wai ni Barakatu akwai abin da yake nawa a hannun gwamnati. Da Malama ba ta matsa ba da gobe ta wuce ina zaune a kan takardar.

Nagoggo ba ta yarda ba har yanzu, wai zabin ne suka yi wa matar ƙanƙanta, kuma ita ba za a wulaƙanta ta sau biyu ba. Don haka gobe ni kaɗai zan koma da goyona. Malama ta ce izininka bai ƙare ba tunda aikin bai ƙare ba. Yanzu dai na san ɗakin, na san kujerar.

Ka yi mana addu'a. Fadila ta cinye biskit ɗin gwamnati tana neman ƙari.

Taka,
Barakatu


Dogon Marke
Alhamis, 17 ga Janairu, 2013

Zuwa ga Maigida,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, mu ma lafiya. Yau gaisuwar gajeriya ce, ka yi haƙuri, maganar ta cika mini baki.

Na karɓo ta. Ni kaɗai na je, ni kaɗai na dawo, kafin la'asar ma.

Nagoggo ta tare ni a tasha da ƙullin daddawa, wai ko wannan zan gwada, wata ba ta cin nama. Na ce ki riƙe abinki. Mutumin gindin dalbejiya ya ce Hajiya an kawo kuɗin? Na ce na kawo wa masu ɗaki. Wallahi ni na faɗa, ban san daga inda ta fito ba.

Ina sallama Hajiya Lubna ta ce a'a, mai zabi ce, yau ina suke? Na rufe fuska, muka yi dariya. Na ce mata ai na ɗauka korata ta yi. Ta riƙe baki ta ce shi ya sa kika fita kamar an yi miki rasuwa? Fayil ɗin yana kan teburinta, ta riga ta nemo. Ta ƙirga ganyen takardar a gabana, shida. Ta ce ashirin-ashirin ne, naira ɗari da ashirin. Na ce ɗari da ashirin me? Ta ce naira. Na ce ta sake faɗa. Duk cinikin ƙulina na wata biyu na ƙullo a bakin zane, ina ta addu'a ya kai rabi a ɗaga mini sauran. Kuɗin motata ma ya fi haka. Ta ce kuɗin takarda da tawadar inji ne kawai, ba a sayar wa mutum da abin da yake nasa. Kuma ba a hannunta na biya ba, wata taga ta nuna mini, na biya aka ba ni rasit. Da sunana a jiki, Maigida. Malama ta nuna mini wurin. Ko ranar aurenmu ba a ba ni takarda mai sunana ba.

An ɗauke wuta, muka jira har azahar. Ta ara mini daddumarta na yi salla. Da wuta ta dawo injin ya fitar da su da ɗumi kamar waina. Da Turanci suke. Ta zaunar da ni ta fassara mini ganye-ganye, da na dawo Malama ma ta karanta, bakinsu ɗaya.

Ka zauna kafin ka karanta nan. Sau biyu aka auna rijiyar Baba, sau biyun an samu ƙazantar bayan gida a ciki. Salgar kasuwa ce, tana sama da rijiyar, taku goma sha huɗu tsakani, in ruwa ya sauka sai ya tura ta ƙarƙashin ƙasa. An rubuta kar a sha sai an tafasa, musamman ƙananan yara. Manya cikinmu ya saba, yaron da ya bar nono jiya kuwa bai saba ba. Burtsatsen makaranta lafiya lau. Ganyen ƙarshe ya ce a sanar da mutanen gari. Hajiya ta ce ita ba ta san inda saƙon ya tsaya ba, kuma na ga abin ya dame ta. Na yi kuka a ofishin nan, ban san na daɗi ne ko na baƙin ciki ba. Shekara biyu takardar nan tana kwance a ɗaki, ni kuma ina yawo da sunan wadda ta shayar da ɗanta ciki.

Jiya na je gidan Inna. Na durƙusa na faɗa mata duka, har ɓoyewar da na yi mata. Ta bari na gama, ta ce wato rijiyar Malam kika kai ƙara Daura? Na ce ba ƙara ba ce Inna, tambaya ce. Ta ce shekara talatin tana sha ga ta nan, da ita ta wanke ka ranar da aka haife ka, yau kuma 'yar da aka auro jiya ce za ta zo mata da takardar Nasara. Ta ce in tashi in ba ta wuri.

Na tashi. Amma a bakin ƙofa na juyo na ce Inna, ki yi mini duk abin da za ki yi, Fadila ba za ta sha ruwan nan ba. Muryata ta fita, har maƙwabta sun ji. Ban taɓa mayar mata da magana ba tun da na shigo gidanku. Mahaifiyarka ce, ina neman gafararka a kan ɗaga murya. A kan maganar kuwa ba na nema, don ko yau aka sake zan faɗa.

Saura mako biyu da kwana ɗaya. Ban san abin da za a yi ba. Takardar tana cikin adaka, rasit ɗin yana cikin ɗan tofina.

Allah ya huci zuciyar Inna, ya huci taka in ta ɓaci.

Matarka,
Barakatu


Dogon Marke
Lahadi, 24 ga Fabrairu, 2013

Zuwa ga Maigida,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa irin ta mai kewa. Ya Legas, ya baya, ya su Malam Sagir na ɗakinku? Ka yi haƙuri da jinkirin takarda. Da gangan na ƙi aikowa, jira nake wata rana ta wuce, kuma ta wuce.

Kwana tara Inna ba ta amsa gaisuwata. Kullum in je in durƙusa, ta juya tana tsintar wake. Rana ta goma sai ga ta da kanta gidan Malama, aka kira ni ta katanga. Ba ta dube ni ba. Ta ce a karanta mata takardar. Aka karanta. Ta ce a sake. Sau uku. Da aka zo kan salgar kasuwa ta ɗaga hannu, ta shiga ƙirge da yatsu, ta ce ai bayan rasuwar Malam da shekara ɗaya aka haƙa ta. Sai ta ce ashe rijiyarsa ba ta da laifi, mu ne muka yi mata ƙazanta bayan ransa.

Ita ta ɗauki takardar ta kai wa mai unguwa. Ta ce in ba ta har da ƙaramar, na ce Inna ki ɗauki shidan, rasit kam nawa ne. Ta harare ni, amma na ga bakinta ya so ya yi murmushi. Liman ya yi wa maza bayani bayan Juma'a. An cike salgar, an yi wa rijiyar murfi, wanki da dabbobi kawai har a sake aunawa. Ba kowa ya yarda ba, akwai tsofaffin da har yanzu suke zura guga a ɓoye, wai ruwan burtsatse ba shi da garɗi. Su suka sani, ba dai a ba yara.

Mai unguwa ya aiko a tambaye ni nawa na kashe aka ba ni takardar gwamnati. Na ce ɗari da ashirin. Ya ce ƙarya ne, sai da aka kai masa rasit ya gani aka dawo mini da abina. Yanzu mijin Shatu yana so ya nemo takardar ɗakin shan maganin nan da aka fara aka bari, ya turo ta ta tambaye ni ta ina ake shiga. Ni ake tambaya, Maigida. Na ce ya wuce mai dalbejiya, ya tafi da canji, ya bar kajinsa a gida. Nagoggo kuwa tana ta ba da labari a kasuwa wai ita ta kai ni, kuma ita ta gano gwamnati ba ta cin zabi.

An yi yayen ranar da aka sa, a gidan Inna, kamar yadda aka saba. Ban hana ba, jikarta ce. Na dai shirya zan riƙa aika tulu kullum. Washegari da safe na fito da tuluna, ƙirjina ya cika da nono yana zafi, sai na hango ta a layin burtsatse da jarka, tsakiyar 'yan mata. Inna, wadda shekara talatin ba ta sha ruwan kowa ba sai na mijinta. Aka ce ta wuce gaba, ta ce ba ta fi kowa ba. Na zo zan karɓi jarkar ta ce in bari, ita aka ba amana. Sai ta juya wajen matan nan, kusan su ashirin, har da masu gyara goyo in sun gan ni, ta ce ku ji da kunnenku, yaron Barakatu ba ciki ya sha ba, a gidana ya sha abin da ya sha. Ta ɗora jarkarta ta tafi. Shatu ce ta karɓi tuluna ta cika mini.

Yau kwana ashirin da uku da yayen. Ranar goma sha tara ban iya cin komai ba, ina zaune ina jiran a yi sallama. Da rana ta yi sai ga Inna da Fadila a baya, ta ce ga 'yarki nan ta ishe ni, ta cinye mini wake. Ta yi kumatu, tana cin tuwo da hannu biyu, ni ko kallona ba ta yi. Zabin nan biyu na sa liman ya yanka, na soya, ɗaya Inna ɗaya Malama. Na so in aika wa Hajiya Lubna cinya, amma na san halinta.

Saura magana ɗaya. Tun da aka haifi yaron nan ban taɓa faɗar sunansa ba. Da can kunyar ɗan fari ce. Daga baya kuma kunyar abin da aka ce na yi masa. Yau zan faɗa sau ɗaya, Malama rubuta da kyau. Zakiyyu. Allah ne ya ba mu, shi ya karɓi abinsa, na yarda. Amma ba ta nonona ba, kuma ina da takarda.

Ka dawo da wuri kafin shuka. Inna tana gaishe ka, Malama tana gaishe ka, Fadila ba ta gaida kowa tana ci. Baƙin da za ka gani a ƙasan nan yatsana ne, na ce Malama ta ba ni tawada in sa da kaina. Wannan karon ba zan goge ba.

Matarka,
Barakatu